Likitan Haƙori da Wuƙar Babansa

Akwai wani likitan haƙori a garin Pattada mai suna Efisio, mutum ne mai son tara tsofaffin wuƙaƙe. Guda arba'in ya jera a cikin gilashi, kuma babu wadda ta taɓa yanka ko burodi.

Ran nan ya je gaida mahaifiyarsa Bonaria, tsohuwa ce da idonta ya yi rauni. Ya tarar tana yanka cuku da wuƙar marigayi babansa, wanda makiyayi ne. Sai ya lura da tambarin da ke jikin ƙarfen: aikin wani tsohon maƙeri ne da masu tara wuƙaƙe ke nema ruwa a jallo. Amma tsatsa ta fara cin ƙarfen a ƙarƙashin ɓari biyu na ƙahon rago da aka yi ƙotar da su.

"Inna, ba ni ita a gyara."

"Tun da ya rasu da ita nake cin abinci," in ji ta. "Ka dawo min da ita yadda take."

Ya kai wa Bachisio, dattijon maƙerin unguwarsu. Tsohon ya jujjuya ta, ya ce sati uku.

"Haba Kawu! Ƙusa huɗu ce fa kawai ke riƙe da ƙahon."

"Ƙaho a lanƙwashe ya fito daga kan rago, wuta ce ta miƙar da shi. Bai manta ba. In ka cire shi ba ka matse shi tsakanin katako ba, sai ya koma gida."

Efisio ya yi dariya. "Ni da nake cire haƙorin mutum a minti goma?"

"Mai haƙori yana ihu in ka yi kuskure, Likita. Ƙaho ba ya ihu."

Gogan naku ya ɗauki wuƙarsa ya tafi. Gaskiya hannunsa da kyau: ya fitar da ƙusoshin tsaf, ya goge tsatsar. Sai ya wanke ƙahon da ruwan zafi, ya shanya a taga cikin rana, ya tafi cin abinci yana jin kansa.

Da ya dawo, ɓarin biyu sun lanƙwashe kamar busasshen ɓawon lemo. Maimakon ya tsaya nan, ya danna ɗaya a kan tebur da ƙarfi. Ƙas! Ya rabe biyu.

Haka ya koma maƙera, kai a sunkuye.

"Sannu da aiki, Likita," in ji Bachisio. Ya miƙar da mai lafiyar a kan wuta kaɗan-kaɗan, ya matse shi kwanaki. A madadin wanda ya karye kuwa, ya nemo sabon ƙaho mai launi iri ɗaya. Sauri ya haifi nawa, sai da aka yi wata guda. Amma aikin ya yi kyau, har Efisio ya samu nutsuwa. Mai ido ma ba zai gane ba, balle Inna.

Ya kai mata. Ta karɓa da murna, ta jawo burodi. Babban yatsanta ya tafi inda ya saba, sai ya tsaya. Ta shafa, ta sake shafawa.

"A nan akwai ɗan gurbi," ta ce a hankali. "Yatsan babanka ne ya cinye wurin, shekara arba'in. Nan nake sa nawa kullum."

Kunya da baƙin ciki suka rufe Efisio.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye wuƙar a gefe, ta gutsuri burodin da hannu.

Darasi: Gwaninta a sana'arka ba ta sa ka zama gwani a ta wani. In mai sani ya ce ka jira, to ka jira, musamman idan abin amana ne, domin akwai ɓarnar da ko gwani ba ya iya gyarawa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wannan naku da ba a gaya masa ya ji.