Zomo da Masoron Gwaggo Tasalla

Dalilin da ya sa zomon gida ba ya kashi sai a lungu ɗaya, yara, ku matso ku ji, a kan masoro abin ya faro.

A da can, inda kashi ya kama zomo nan yake zubarwa. A lokacin akwai wani zomo, Na-Gwaggo, da iyalinsa a gidan Gwaggo Tasalla mai daka yaji. Ya fara manyanta, amma kullum yana bakin kwatarniya yana duba gashin bakinsa a ruwa.

Wata safiya ya fito tsakar gida yana buga ƙafa. "Na shiga uku! Tun da aka halicci kunne ba a taɓa tozarta mai kunne kamar ni ba! 'Ya'yan cikina sun binne ni da raina!"

Ga abin da ya faru. Gwaggo ta shanya masoro a tabarma, ta kwashe, ta daka wa Ɗanliti mai tsire yaji. Sai ga Ɗanliti ya dawo yana yatsina fuska.

"Gwaggo, yajin nan naki ƙamshin harawa yake yi."

Ta duba sauran masoron. Ashe rabinsa kashin 'ya'yan zomo ne.

"Kai Na-Gwaggo," in ji ta, "ko ka gyara 'ya'yanka kafin in sake shanya, ko ku koma daji, ku da karnukan farauta."

Na-Gwaggo ya tara yaran ya yi ta faɗa. Ya ja kunnen wannan, ya kori wancan har bayan turmi. Yaran suka firgita, suka kama gwaguyar igiyar guga da tonon gindin randa. Kashin kuwa bai fasa sauka a tabarma ba.

Ana gobe shanya, matarsa Zomanya ta ce, "Maigida, taimaka mini mu kakkaɓe tabarmar nan."

"Bar ta! Ai ba ta yi datti ba."

Ta ɗaga. Sai ga harawa a ɓoye, tari guda, ga kuma kashi manya-manya kamar gujiya.

"Ikon Allah!" in ji Zomanya. "Wanne ne cikin yaran ya yi wannan girman?"

Gwaggo ta leƙo. Na-Gwaggo ya shafa gashin baki, ya dubi sama.

Zomanya ta ce, "Mu zomaye muna ci muna kashi. Inda uba ya zauna ci, nan yara suke zama."

"To, ni ne," in ji shi. "Amma ku yi adalci. Duk gidan nan ina rana ta fi haska gashina in ba nan ba?"

Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ɗauko fasasshen kasko ta zuba toka, ta ajiye a lungu, ta rataya harawar a samansa. Ta ɗebi ɗan kashin ta zuba a ciki don warin ya kira su.

"Bismilla, mai gashi. Kai za ka fara."

Ya hau kaskon nan yana taƙama kamar ango. Yaran suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya. Washegari aka shanya masoro, aka kwashe shi tas. Kafin azahar Na-Gwaggo ya gaya wa kajin gidan cewa dabararsa ce.

Shi ya sa har yau zomo lungu ɗaya yake zaɓa, yana tauna yana yi. In kuwa kuka ga yana buga ƙafa yana kai ƙarar yaransa, ku fara ɗaga tabarma.