Danshi a Bangon Mushe Mainassara

Mushe Mainassara (Mushe laƙabin malaman boko ne a Nijar) malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Magariya, mutum mai tsabta da sakin hannu, amma yana da aibi ɗaya da ke ɓata masa sauran halayensa. In abu ya lalace, kafin ya duba yadda aka yi, ya riga ya san wanda ya yi. Mai laifin kuwa bai taɓa zama shi ba.

A shekarar 1976 aka ba shi sashe a gidajen ma'aikata, irin na siminti mai famfo a ciki, sassa biyu da bango ɗaya a tsakani. A ɗaya sashen akwai Salamatu, mai sayar da fura, matar wani gardi, wato dogarin gwamnati, da ya rasu. Bisa ƙa'ida tun bayan takaba ya kamata ta tashi, amma sufurefe, shugaban gundumar, ya kau da kai saboda marayunta, da sharaɗin kada a kawo masa ƙararta.

Ana gab da Babbar Salla, damina ta daɗe da wucewa, sai danshi ya bayyana a gindin bangon ɗakin Mushe. Farar ƙasa ta fara ɓarewa, tabarma ta soma wari. Matarsa Fati ta janye randa, ta duba famfo, ba inda ke ɗiga.

"Kada ki wahalar da kanki," in ji Mushe. "Mai sayar da fura, wankin gero safe da yamma, ina take kai ruwan?"

"Malam, a kwata take zubarwa, da idona nake gani."

"Kina ganin abin da take so ki gani dai."

Ya je ya tsaya a ƙofar Salamatu yana faɗa. Ta ce, "Wallahi Mushe, nawa gefen ma ya jiƙe. Shigo ka duba." Bai shiga ba. A wurinsa ma wannan ƙarin shaida ce. Ya wuce biro, wato ofishin sufurefe, ya kai ƙara, sufurefe ya ce to, bayan Salla ta kwashe kayanta. Salamatu ba ta yi wa Mushe ko kallon banza ba, ba ta kuma jira Salla ba. Ta kulle ƙofarta, ta kwashi yara zuwa Bande don ta roƙi wanta Hambali ya zo da amalanke.

To ga ƙofa a kulle, ba mai wankin gero, danshi kuwa sai hawa yake yi. Kowace safiya sai Fati ta jira Mushe yana kallo, ta ƙara janye tabarma daga bango. Abin ya ci masa rai, har ya yi abin da ya kamata ya fara yi tun farko, wato ya tashi ya duba.

Ya bi bango da tafin hannu, inda ya fi sanyi nan ya nufa. Sanyin ya kai shi kusurwa, kusurwa ta fitar da shi bayan ɗaki, daidai inda ya ɗaure ragonsa na layya. Ragon ya sha tumɓuke turken ice, shi ya sa Mushe ya samo doguwar sandar ƙarfe mai tsini ya kafa ta da guduma, kamar yadda ake yi a garinsu Waca, inda ba komai a ƙarƙashin ƙasa sai yashi. Ciyawa ta fito shar a gindin turken. Kwanaki ma har alfahari ya yi wa abokansa wai albarkar ragon ce.

Ya jijjiga turken ya zare. Ruwa ya yi tsiri ya wanke masa farar riga da laka. Ashe nan bututun da ke kai wa sassan biyu ruwa ya bi, shi ne ya huda shi.

Kunya ta rufe shi. Bai tsaya sauya riga ba, haka ya shiga biro ya faɗi gaskiya. Sufurefe ya dube shi sama da ƙasa, ya yi dariya, ya ce matar ta yi zamanta.

Ko da ya komo, sai ya tarar da amalanke a ƙofa, Hambali har ya ɗora gado ya ɗaure. Mushe ya durƙusa gaban Salamatu, maƙwabta na kallo.

"Innar Halilu, ruwan nan nawa ne. Sufurefe ya ce ki zauna. Don Allah ki yafe mini."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta share ido da bakin mayafi.

"Allah ya yafe mana baki ɗaya, Mushe." Ta juya wajen wanta. "Yaya, kwance gadon nan. Yaran sun gaji."

Ya mai karatu, in ɓarna ta faru a gidanka, fara bincika abin da hannunka ya yi kafin ka nuna maƙwabci da yatsa, musamman wanda ba shi da mai tsaya masa. Mushe Mainassara ya yi sa'a ya gano gaskiya amalanke na tsaye. Ba kowa ne ke samun wannan sa'a ba.