Ƙaron da Ba a Gani a Hoto

Ka taɓa tambayar kanka yadda fuskar mutum take zama daram a kan takarda?

Akwai wani mutum mai wanke hoto, wanda shi da kansa yake haɗa ruwan shafa wa takardarsa. Yakan niƙa garin magani mai kama haske har ya yi laushi lilis, ya dama shi cikin ruwan ƙaro. Ƙaron nan yakan lulluɓe kowace ƙwayar gari, ya hana ta dunƙulewa da 'yar'uwarta, ya kuma hana ta kwantawa a gindin kwano.

Wata rana wata tsohuwa ta kawo masa fim ɗin da za a wanke hoton marigayi mijinta da shi, shi kaɗai ya rage mata. Ta ce, "Ɗana, jikokina ba su san fuskar kakansu ba. Ina so su gan shi tun ina da rai."

Tausayi ya kama shi, ya so ta tafi da hoton a ranar. Amma ƙaro sai an jiƙa, an jira. Ya ce a ransa, "Ai gari ne yake kama haske, ƙaro ko launi ba shi da shi." Sai ya dama da ruwa zalla. Garin ya dunƙule, sauran ya kwanta ƙasa, hoto ya fito dabbare-dabbare.

Tsohuwar ta duba, ta yi dariya. "Kai ɗan nan, mijina bai taɓa yin agana ba!"

Ya ce, "Ki gafarce ni, Mama. Ki dawo gobe."

Ya jiƙa ƙaro, ya jira, ya dama sannu a hankali. Kashegari ta riƙe hoton da hannu biyu, ta ƙura masa ido. Can ta ce, "Shi ne. Har da wushiryarsa."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, garin maganin nan mu ne, hasken kuwa Almasihu. Ƙaron shi ne ƙauna. Ba a ganinta, kuma tana cin lokaci. In babu ita, sai mu dunƙule, 'yan garinmu nan, mawaƙan coci can, marasa kowa su kwanta a bencin baya. Masu zuwa neman fuskar Ubangiji a cikinmu su ga tabo kawai.

To, yau in an tashi sujada, kada ka nufi dunƙulenka. Nemi wanda yake zaune shi kaɗai, ka tambayi sunansa, ka raka shi gida.