Tarin Tsamiyar Gwani da Sunan Jariri

Ku matso ku sha labari. Kai mai tari, kai dai ja da baya! Ni da kuke gani, tun daga sautin tari nake gane garin mutum, har da abin da ya ci jiya.

A Tsamiyar Gwani an yi wani manomi, Nakande, matarsa Dije na da tsohon ciki. Sai tari ya shigo gari, mai zazzaɓi da sarƙe numfashi, ya kama Dije. Nakande ya ce sanyi ne, kowa ma haka ya ce.

Tanimu wanzami ne bai yarda ba. Duk kan da ya dafa zai aske, sai ya ji shi kamar tukunyar ɗumame. Ya dinga tambaya, "Ina ka je? Wa ka zauna da shi?" Har ya gano duk masu zafin kai sun ci kasuwar shanu ranar Talata, ko wani nasu ya ci. Ya iske Nakande ya ce, "Abokina, wannan ba sanyi ba ne. Bin mutane yake gida-gida."

To, a faɗa wa wa? Waya ba ta kamawa a garin sai a ƙolin wata kuka, kukar kuwa zuma ta yi gida a kanta. Barau mai faci ya hau. Zuma na harbi, Tanimu na ƙasa yana kiran sunayen gidajen da tarin ya shiga, shi kuma yana maimaita wa jami'ar lafiya ta waya ɗaya bayan ɗaya. Ya sauko fuska kamar kabewa, matarsa ta ce, "Bawan Allah, wa kake nema?"

Ma'aikata suka zo, suka ɗebi majina don gwaji, suka wuce da Dije asibiti. Suka ce a dakatar da taro, kuma kullum a sanar da su sabon wanda ya kamu. Sallau sankira aka ba aikin, alhali ranar ake bikin 'yarsa, an yanka sa, tuwo na kan wuta. Da bakinsa ya yi shelar kowa ya zauna gida. Surukai suka yi fushi. Kowace safiya yana bin ƙofa-ƙofa yana jin wa ya kwanta, wa ya tashi, har tarin ya mutu.

Dije ta warke, ta haifi namiji. Don murna Nakande ya rantse zai sa wa yaron sunan wanda ya ceci uwarsa. Sai ga su su uku a zaure.

Tanimu ya ce, "Wa ya gano?"

Barau ya ce, "Da ka gano, kai ka hau?"

Sallau ya ce, "Ku kun yi na yini ɗaya. Ni har yau surukaina ba sa gaishe ni."

Gobe suna, liman na jiran abin da za a raɗa. To, ku da kuka ƙoshi: sunan wa Nakande zai sa wa jaririn?