A Kawo Yunwa Gaban Ciyaman

Ana gab da zaɓe, ciyaman na wata ƙaramar hukuma, Alhaji Barau, ya shiga rediyo ya rantse babu yunwa a yankinsa. Washegari Tanimu Gwangwani, mai barkwanci a TikTok, ya saki bidiyo yana kiɗan tukunya wayam. 'Yan sanda suka kamo shi, suka kai shi gaban ciyaman.

Ciyaman ya ce, "Kai ne mai cewa akwai yunwa? To, kawo min ita nan in gan ta da idona. In ka kasa, a gidan yari za ka yi zaɓe."

Tanimu ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, zan kawo ta. Sai dai kunya gare ta, ba ta shiga gidan da ake jin ƙamshin miya. A kashe murhun gidanka, a kulle sito, kada ka sa komai a baki daga yau har jibi. In ba ta zo da ƙafarta ba, a ɗaure ni."

Ciyaman ya zabura. "Har jibi? So kake yunwa ta kashe ni?"

"Wace yunwa kuma, ranka ya daɗe? Ai babu ita a yankin nan."

Ciyaman ya juya wajen 'yan sanda. Ya ce, "Ku fitar min da shi."

A bakin ƙofa, ɗan sandan da ya kamo shi ya raɗa masa, "Da ni ya aika, da tuni na kawo ta. A gidana ta kwana."