Ramin da ke tsakiyar hafiri

An yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Gadarif da Hawata, a farkon mulkin soja na Inƙaz. Ba zan faɗi sunansa ba, danginsa suna nan da rai.

Hafiri ɗaya ne a ƙauyen, wato tafkin da ake tara ruwan damina a yi ta sha har rani ya fita. Tun kaka da kakanni, in ya ƙafe gayya ake yi, kowa da kwandonsa, a kwashe laka. Sai hukuma ta ce an daina, yanzu aikin ɗan kwangila ne. Mutumin nan ya nema aka ba shi, don ɗan gari ne, ga gemu, ga shi sahun farko ba ya wuce shi. Aka haɗa masa da motar tonon ƙasa ta kwana arba'in.

Ya kewaye wurin da ƙaya, ya ce ba shiga. Motar kuwa tana can gonakin riɗi na manya tana yi musu aiki. Sai da hadari ya fara haɗowa ya kawo ta kwana uku. Ya san injiniyan hukuma, wanda suke ce wa muhandis, wuri ɗaya yake jefa igiyar awo, a tsakiya, bayan ruwa ya cika. Nan ya sa aka haƙa rami mai zurfin gaba uku, ya bar sauran yadda yake. Ruwa ya sauka ya rufe. Injiniya ya hau gangunan ƙarfe da aka ɗaure kamar kwale-kwale, ya auna, ya yaba.

Malam Harisu, dattijon da ke shugabantar gayya a da, ya tare ɗan kwangilar a ƙofar masallaci.

"Ɗana, ina ƙasar da ka kwaso? Ni ban ga tudu ba."

"Ya Hajji, muhandis ya auna ya sa hannu. Khalas, magana ta ƙare."

Rani ya yi nisa, ruwa ya janye. Mata suka riƙa kutsawa ciki neman mai kyau, iya gwiwa yake kai musu, kullum suna ƙara matsawa tsakiya. Ɗan kwangilar yana gani. Kalma ɗaya ta isa, amma in ya ce akwai rami, sai an tambaye shi wa ya haƙa. Ya lallashi kansa da cewa shi gidansa a amalanken jaki ake kai masa ruwa daga wani gari.

Ran nan da hantsi mai amalanke bai zo ba. 'Yar ɗan kwangilar, Ummusalama, wadda ta zo ganin gida daga wajen mijinta, ta ɗauki jarka ta bi maƙwabta. Ta wuce shi a ƙofar gida, yana zaune da Malam Harisu da waɗansu dattawa. Ya buɗe baki, ya dubi dattawan, ya ce, "Ki dawo da wuri."

Matan da ke tare da ita sun ce taku biyu kawai ta riga su, sai ruwa ya haɗiye ta.

Da aka rasa inda za a nemo gawa a ruwa mai iya gwiwa, shi ya nuna wurin da yatsa, gaban kowa. Hukuma ta karɓe kwangila, manyan da ya yi wa aiki suka ce ba su san shi ba. Matarsa ba ta sake yi masa magana ba har ta rasu. Yana nan a kasuwar Gadarif, ba ya gane mutane.

Ya 'yan uwa, aikin jama'a in an damƙa maka, amana ce, ko da takarda ko babu. Injiniya ya auna wuri ɗaya ya tafi. Shin Wanda ya halicci ƙasar wuri ɗaya yake dubawa? Ha'incin ya yi muni, amma shirun ya fi shi, domin har safiyar nan ƙofar tuba a buɗe take. Ya zaɓi kada ya ji kunya gaban dattawa huɗu, ya bar 'yarsa ta wuce.

Wanda ya san da wani rami da ya haƙa a aikin mutane, ya faɗa yau.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya tun tana da amfani. Amin.