Katin Garabasar Alhaji Mudi

Alhaji Mudi mai babban kanti ya sa aka yi shela: duk wanda ya yi sayayya za a ba shi kati, mai kati kuma yana da buhun shinkafa kyauta. Hajjo mai waina ta zo da nata, ta tarar mutane suna fitowa hannu rabbana, suna tsaki.

Ta miƙa katin. "Alhaji, na zo ɗaukar shinkafata."

"Hajiya, duba bayan katin. Garabasar ta baƙo ce, wanda bai taɓa sayen komai a nan ba."

"To wa ake ba katin?"

"Wanda ya yi sayayya."

"Wato mai kati ba ya ci, marar kati ma ba ya ci?"

"Haka tsarin yake."

Hajjo ta kwance ƙullin da ta shigo da shi, sai ga injin markaɗe.

"Madalla. Makon jiya na dawo da injin nan da ya ƙone kwana biyu da saye, ka rantse ba a kantinka na saya ba. Yanzu zaɓi ɗaya. In na taɓa saye, canza mini inji. In ban taɓa ba, a ɗauko buhu."

Alhaji ya dubi injin, ya dubi jama'a, ya share gumi. Inji ya fi shinkafa tsada.

"Ba ki taɓa saye ba," in ji shi ciki-ciki.

"Ɗaga murya, Alhaji, kunnena ya tsufa."

Ya maimaita, aka ɗora mata buhu. A bakin ƙofa ta juyo.

"Jama'a, duk wanda Alhaji ya taɓa rantse wa, ya je gida ya ɗauko shaidarsa."

Kafin la'asar layi ya kai bakin titi, wani da fanka, wani da dutsen guga.